Shin Ƙarfin Baƙin Mai Yana Yankewa Farat Ɗaya a Injin Mota?

Idan kaka ta yi, motoci ba su hutawa a yankin Ruwan Bore. Suna kwasar gero da dawa da masara da waken suya daga ƙauyuka. Wasu su nufi kasuwar Mada, wasu su wuce Gusau. Wasu kuma su kama hanyar Tsafe ko ta Bunguɗu. Mota ɗaya takan ciyar da gida uku: gidan mai ita, da na direba, da na yaron mota. Ran da ta kwanta, duk gidajen nan sai sun ji a jikinsu.

Babu lalacewar da ta fi tayar wa mai mota hankali kamar a ce masa inji ya buga. In aka tambayi direba yadda aka yi, amsar kusan ɗaya ce kullum. Zai ce lafiya lau yake tafiya, sai jar fitila ta kama, kafin ya ankara inji ya ɗauki ƙara ya tsaya. Wannan ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa ƙarfin baƙin mai yana yankewa ne haka kawai, ba dalili.

To, gaskiya ne? Amsa a taƙaice ita ce: yana faruwa, amma ba kasafai ba. A mafi yawan lokuta ciwon ya daɗe a jikin inji, yana ta nuna alamu ba a kula ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Aikin baƙin mai a cikin inji

A cikin inji akwai ƙarafa masu juyawa da gudu. Babbansu shi ne wanda kanikawa ke kira kiranshaf. Idan mota na gudu a kan kwalta, wannan ƙarfe yakan juya sau 3,000 a minti ɗaya. Wato sau 50 ke nan a daƙiƙa guda.

Kiranshaf yana kwance ne a kan wasu ƙananan ƙarafa masu santsi da ake kira metal. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba. A wannan 'yar rata mai ke shiga. Muddin akwai mai a wurin, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Da zarar mai ya yanke, sai su fara gugar juna. Zafi ya tashi, metal ya narke, inji ya buga.

Mai yana da wasu ayyukan kuma. Yana rage zafin inji. Yana kwashe datti ya kai shi cikin filta. Wannan datti ne ke mai da shi baƙi, domin sabon mai launin zuma gare shi.

Ga yadda man ke zagayawa. A ƙasan inji akwai kasko, inda mai ke taruwa. A cikin kaskon akwai bututu mai rariya a bakinsa. Famfon mai yana zuƙo shi ta wannan rariya, ya tura shi cikin filta. Daga filta sai ya bi ƙananan hanyoyi zuwa ga metal da saman inji. Sannan ya gangaro ya koma kasko. Haka yake ta yi har a kashe mota.

Duk manomin da ya taɓa aiki da injin ban-ruwa a fadama zai gane wannan. In ruwan rijiya ya ja baya, tiyo sai ya zuƙi iska, ruwa ya yanke. In ganye ya toshe bakin tiyo, ruwa ya rage ƙarfi. In tiyo ya huje a hanya, ruwa ba zai kai ƙarshen gona ba. Abubuwan nan uku su ne ke samun mai a cikin injin mota.

Yawan mai daban, ƙarfin mai daban

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Sandar awo da ake zarowa daga inji tana nuna yawan man da ke cikin kasko. Jar fitilar da ke gaban direba, mai hoton 'yar buta da ɗigo a bakinta, tana nuna ƙarfin da famfo ke tura man da shi. Kasko na iya zama cike taf, amma man bai isa inda ake bukatarsa ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani game da wannan fitila. Ba ta kamawa da wuri. Kowa ya san ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya da shi. A kan irin wannan ma'auni, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar wajen 30 zuwa 35. Ƙarfin mai a lafiyayyen inji da ke kan tafiya yakan kai 30 zuwa 60. Amma a yawancin motoci fitilar ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗo ƙasa da 10.

Ke nan ƙarfin mai na iya yin wata da watanni yana raguwa, fitila ba ta ce komai ba. Ran da ta kama, direba sai ya ga kamar yau abin ya fara. Alhali kuwa ƙarshen ciwon ya gani.

Abubuwan da ke cin ƙarfin mai sannu a hankali

1. Ƙarancin mai. Tsohon inji yana shan mai, ko kuma yana yoyo ta wajen sil da gaskit. Ƙaramar mota tana ɗaukar kimanin lita 4 ne kawai. In ta rasa rabi, rariya za ta fara zuƙar iska, musamman a kwana, ko a hawa, ko an taka birki da ƙarfi.

2. Daɗewa ba a yi juye ba. Mai in ya tsufa yakan yi kauri ya koma kamar laka. Wannan laka ita ke toshe rariya. Tun da gwamnatin tarayya ta cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin tafiyar da mota ya ƙaru ƙwarai, baƙin mai ma ya yi tsada. Wasu masu motoci suna jinkirta juye don su rage kashe kuɗi. Abin da suka tara a wata shida, gyara ɗaya ke cinye shi.

3. Ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kaɗawa, hanyoyin burji kuma na tashin ƙura. In filtar iska ta yage, ko an cire ta an yar, ƙurar na shiga inji kai tsaye. Ta gauraya da mai ta zama kamar yashin wanke tukunya. Sai ta riƙa cin metal. Rata ta buɗe, mai ya riƙa zurarewa, ƙarfinsa ya faɗi.

4. Jabun mai. Akwai masu tace tsohon mai su zuba a sabon galan. Akwai masu haɗa shi da wani abu don ya yi yawa. Irin wannan mai da ya ji zafi sai ya tsinke kamar ruwa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwannin Nijeriya. Araha ba ta ado.

5. Fetur ko ruwa a cikin mai. In fulogi ya mutu ko mota na shan fetur fiye da kima, feturin da bai ƙone ba yakan gangara kasko ya tsinka mai. Ana gane shi da wari. In kuma gaskit ɗin saman inji ya ƙone, ruwan lagireto ke shiga. Sai man ya koma launin shayi mai madara. Haka ma in mota ta ratsa rafi mai zurfi da damina.

6. Zafi da lodi. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Zamfara yakan kai digiri 40. Motar da aka ƙera don mutum biyar, in aka loda mata buhuna da fasinja har saman rufi, injinta na wahala. Zafi na ƙaruwa, mai na tsinkewa.

Duk waɗannan shida ba a rana ɗaya suke kashe inji ba. Kuma duk ana iya gano su tun da wuri.

Lokutan da mai ke yankewa farat ɗaya

Akwai kuma lokutan da direba ke da gaskiya in ya ce babu wata alama da ya gani. Ga su:

1. Dutse ya fasa kasko. Kasko shi ne ya fi kusa da ƙasa a jikin inji. Mota mai nauyin kaya tana ƙara yin ƙasa. In ta faɗa rami ko ta haye dutse, kasko na iya hujewa. Cikin ɗan lokaci kaɗan mai ya tsiyaye duka. Duk direban da ya ji ƙasan motarsa ya daki wani abu da ƙarfi, ya tsaya ya leƙa.

2. Notin juye ya kwance. A ƙasan kasko akwai notin da ake kwancewa a zubar da tsohon mai. In ba a ɗaure shi da kyau ba, girgizar hanya na iya kwance shi ya faɗi.

3. Filta ba ta zauna ba. Wani lokaci robar tsohuwar filta kan manne a jikin inji. In aka ɗora sabuwa a kanta, roba ta zama biyu. Da inji ya ɗauki zafi sai mai ya yi tsartuwa ta wurin.

4. Gam ya toshe rariya. Wasu kanikawa na lafta gam da yawa wajen rufe kasko ko saman inji. Abin da ya matso ta ciki yakan gutsure ya faɗa cikin mai, ya je ya toshe rariya.

5. Famfon mai ya samu matsala. Abin da ke juya shi na iya karyewa. Akwai kuma wani ɗan bawul a jikinsa mai rage ƙarfin mai in ya yi yawa. In datti ya maƙale shi a buɗe, mai sai ya riƙa komawa kasko maimakon ya hau inji.

In aka duba da kyau, uku daga cikin biyar ɗin nan daga hannun mai gyara suke fitowa. Shi ya sa ranar da aka yi juye, da ranar da mota ta fito daga gareji, su ne ranakun da suka fi bukatar sa ido. Bayan juye, a tayar da inji na minti biyu ko uku. A leƙa ƙasa a ga ko akwai ɗigo. A kashe, a jira, a sake auna mai kafin a ɗauki hanya.

Wani lokaci kuma fitilar ce ke ƙarya. Ɗan makunnin da ke jikin inji, wanda ke kunna ta, yakan lalace. Ko wayarsa ta goge ta taɓa ƙarfe. Amma direba ba shi da hanyar sanin haka daga kan kujerarsa. Sai bakanike ya ɗaura ma'auni a jikin inji ya gani da idonsa.

Akwai motar da ta fi wata wannan ciwo?

A tasha akan yi gardama a kan wannan. Wani ya ce Fijo ta fi, wani ya ce Golf, wani ya ce Toyota. Gaskiyar magana, kowace ƙira da inda take da rauni.

Peugeot 504, wadda ake kira Fijo, ta yi suna a ƙauyuka saboda juriya da tsayi daga ƙasa. A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna. Amma waɗanda suka rage a hanya yanzu sun tsufa ƙwarai, kuma tsohon inji dole ya sha mai.

Volkswagen Golf 2 da Golf 3, waɗanda suka cika hanyoyin karkara, suna da wata ƙararrawa ban da fitila. In inji ya wuce juyi 2,000 a minti kuma ƙarfin mai bai kai yadda ake so ba, sai ta yi kuka. Wannan gargaɗi ne mai zuwa da wuri. Abin takaici, wasu direbobi kan sa a cire ta don tana damunsu. Golf 4 kuwa, wadda aka fara ƙerawa a 1997, da yawa daga cikinsu kaskon alminiyam gare su. Kaskon baƙin ƙarfe in ya daki dutse yakan lotsa ne. Na alminiyam fashewa yake yi. Mai irin wannan mota a ƙauye zai yi kyau ya sa a ɗaura mata farantin ƙarfe a ƙasa.

Toyota ma ta taɓa samun nata. A ƙasar Amurka, masu motoci irin su Camry da Sienna ƙirar 1997 zuwa 2002 sun yi ta kukan cewa mai na daskarewa ya zama laka a injinsu. A shekarar 2002 kamfanin ya yarda zai ɗauki nauyin gyaran, in mai mota ya nuna shaidar yana yin juye. Masu motocin sun ɗora laifi a kan ƙirar injin. Kamfanin kuma ya ce jinkirin juye ne babban dalili. Irin waɗannan motoci da yawa an shigo da su Nijeriya a matsayin na hannu. Mai irinsu kada ya yi wasa da lokacin juye.

Ke nan akwai injin da ya fi wani saurin jin jiki. Amma abin da ya fi yawan kashe inji shi ne shekaru da irin riƙon da aka yi masa.

Wanda zai sayi motar hannu ya yi wannan gwaji. Ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba. Dole jar fitilar mai ta kama. In ba ta kama ba, to ƙwan ya mutu, ko an cire shi don a ɓoye aibi. Sannan ya tayar. Dole ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Ya buɗe murfin zuba mai ya leƙa. In ya ga baƙar laka ta daskare a ciki, ya san ba a kula da motar ba.

Alamun da inji ke nunawa kafin ya buga

1. Fitilar mai na jinkirin mutuwa in an tayar da mota da safe.

2. Fitilar na ƙyaftawa in inji ya yi zafi kuma mota na tsaye a silo, in an taka totur sai ta mutu.

3. Ƙarar ƙas-ƙas daga saman inji, alamar mai ba ya isa can.

4. Ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana buga guduma. Wannan metal ne ya ci. Lokaci ya kusa ƙurewa.

5. Shuɗin hayaƙi daga salansa, alamar inji na ƙona mai.

6. Ɗigon mai a inda mota ta kwana.

7. Mai na raguwa a sandar awo fiye da yadda aka saba.

8. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin tsohon mai ranar juye.

Ko ɗaya daga ciki aka gani, a kai mota gareji tun tana tafiya da ƙafarta.

Abin yi in fitila ta kama a kan hanya

Injin da ba mai a cikinsa ba ya jiran a kai gari na gaba. Minti ɗaya ko biyu ya isa ya lalace. Ga matakan da direba zai bi:

Na farko, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya ba da hannu, ya gangara gefen hanya. Kada ya zare makulli mota na tafiya, don sitiyari na iya kullewa, birki kuma ya yi tauri. Da ta tsaya sai ya kashe nan take.

Na biyu, ya leƙa ƙarƙashin mota da bayanta. In akwai sawun mai a kan hanya, to kasko ne, ko noti, ko filta. Kada ya sake tayarwa.

Na uku, ya jira kamar minti biyar mai ya koma kasko. Ya zaro sandar awo, ya goge da tsumma mai tsabta, ya mayar, ya sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta, ta ƙasa da ta sama. A yawancin ƙananan motoci kimanin lita 1 ce tsakaninsu.

Na huɗu, in mai ya yi ƙasa kuma babu yoyo, ya ƙara har ya kai alamar sama. Ya tayar. In fitila ta mutu nan da nan kuma babu baƙuwar ƙara, ya tafi a hankali zuwa wurin bakanike mafi kusa.

Na biyar, in mai na nan cike amma fitila ta ƙi mutuwa, ya kashe. Sai dai a jawo motar. Kuɗin ja bai kai kuɗin inji ba.

Fasinjoji ma suna da nasu. Kada su matsa wa direba su ce ya lallaɓa tunda an kusa. Shi ma mai mota kada ya yi wa direbansa faɗa don ya tsaya a hanya. Direban da ke tsoron faɗa shi ne ke ci gaba da tafiya har inji ya buga.

Akwai wata magana da ba za a tsallake ba. An san halin da hanyoyin Zamfara suka shiga na rashin tsaro tun wajen shekarar 2011. Akwai wuraren da tsayawa a cikinsu hatsari ne, balle da yamma. In fitila ta kama a irin wannan wuri, rai ya fi inji. Direba na iya zaɓar ya lallaɓa zuwa inda mutane suke, ko da injin zai tafi. Amma ya sani injin na iya tsayawa kafin ya isa. Saboda haka a wannan yanki duba mai kafin a bar tasha ya wuce maganar dukiya. Magana ce ta tsaron rayukan da ke cikin mota.

Dabarun da ke ƙara ɓarna

Cire ƙwan fitila ko tsinke wayarta. Wannan kamar mutum ne ya kori karen da ke yi masa haushin ɓarawo don ya samu barci.

Zuba mai mai kauri sosai, ko wani sinadari mai danƙo, don fitila ta daina ƙyaftawa. Fitilar na iya mutuwa, amma metal ɗin da ya ci bai dawo ba. Kuma da sanyin safiya mai mai kauri yana jinkirin hawa saman inji.

Cika mai ya wuce alamar sama. Kiranshaf zai riƙa dukan sa har ya yi kumfa. Famfo kuwa ba ya iya tura kumfa da ƙarfi.

Wanke cikin inji da kananzir ko gas yana aiki. Wannan na ɓamɓaro tsohuwar laka ta taru a rariya. In inji ya yi laka, a kwance kasko a wanke shi da rariyar da hannu.

Canza mai a bar tsohuwar filta. Dattin da ke cikinta zai ɓata sabon man.

Rigakafi ya fi magani

Kowace safiya, kafin a tayar da mota, a auna mai a wuri mai daidai, ba gangare ba. A leƙa ƙasa. A duba ruwan lagireto tun inji na da sanyi. Duk wannan ba ya cin minti biyar.

A yi juye a kan lokaci. Ga motar haya mai bin hanyar ƙura da lodi, kada a wuce kilomita 5,000. In agogon kilomita ya mutu, a yi lissafi da kwanaki da yawan zirga-zirga. A ajiye ɗan littafi a mota. A rubuta ranar juye, da irin man da aka zuba, da ranar da za a sake. Wannan littafi yana raba gardama tsakanin mai mota da direba.

A karanta abin da ke jikin galan. Lambobi irin su SAE 40 ko 20W-50 suna nuna kaurin mai. Tsofaffin motoci sun saba da waɗannan. Sababbin injuna da yawa kuwa suna son mara kauri, kamar 5W-30. A bi abin da kamfanin motar ya ce. A saya a gidan mai ko shagon da aka sani. A tabbata murfin galan a rufe yake ba a taɓa buɗe shi ba. A guji man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya.

Mai mota ko direba ya tsaya a wurin lokacin juye. Ya ga an zubar da tsohon mai, an sa sabuwar filta, an cire tsohuwar roba, an ɗaure noti.

A riƙa kakkaɓe filtar iska, musamman da hunturu. In ta yage a canza ta.

A ajiye lita 1 ta mai a cikin mota kullum, a rufe da kyau.

Wannan bayani ya shafi masu babur da masu injin ban-ruwa da janareto. Su ma ƙaramin kasko gare su. Babur na ɗaukar kimanin lita 1, ƙaramin injin ban-ruwa kuwa bai ma kai lita ba. Kaɗan ya ragu, an shiga hatsari. Yawancinsu kuma ba su da fitilar gargaɗi, sai dai mai su ya riƙa dubawa.

Tsohon man da aka juye kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko rafi, ko gona. Yana ɓata ruwan sha da ƙasar noma.

A ƙarshe, ƙarfin mai na iya yankewa farat ɗaya in kasko ya fashe, ko noti ya faɗi, ko famfo ya karye. Maganin wannan shi ne tsayawa nan take. Sauran kuwa, waɗanda suka fi yawa, suna zuwa ne da sallama tun da nisa. Maganinsu shi ne sandar awo da safe, da juye a kan lokaci, da fitila mai aiki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.